Kwalbar da Ke Bayan Hatimi

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun rufe mani kemis.

Shekara goma sha tara ina sayar da magani a Ƙofar Sauri, ban taɓa miƙa wa ɗan kowa maganin tari don ya je ya bugu ba, amma yau ni aka garƙame wa kwaɗo a gaban mai shayi da mai faci da duk wani marar aikin yi na layin nan. Mota ɗaya, mutum huɗu, da ɗan sanda yana ta hamma. Babbansu wani Malam Habibu ne, da kati rataye a wuya. Ya dubi lasin da ke bango ya ce na bara ne. Na ce na sani, na sabunta tun watan Janairu, ga takardar shaida, ofishinku ne bai buga sabon ba. Ya ce shi abin da ke bango yake karantawa. Na ce to ai ba bangon ke buga lasin ba. Nan fa ya haɗe rai. Da na yi shiru wataƙila gargaɗi kawai zai yi, amma bakina bai taɓa taimakona ba tun ina yaro.

Ya ce in fito. Na ce bari in ɗauki wani abu a firji. Ya ce ko allura ba za ta fita ba. Suka ja ƙofa, suka sa kwaɗonsu, suka manna wata jar takarda mai hatimi daidai inda ƙyauren biyu suka haɗu.

Kwalbar tana ciki. Tana cikin firji, a tsohon kwalin sirinji, bayan ruwan allura. Abin da na kai gida da safe zai kai Inna jibi kawai.

Talata, 8 ga Afrilu, da azahar

Tun ƙarfe takwas nake kan bencin ofishinsu. Wanda ke buga lasin ya tafi kwas. Wanda ke riƙe mashi ba shi da makullin ɗakin. Mai makullin ya je ta'aziyya. Wata mata a bayan tebur tana cin gyaɗa ta ce in dawo Alhamis, ko kallona ba ta yi ba.

Na tambaye ta idan an buga, shi ke nan sai a buɗe mani? Ta ce a'a, sai tawaga ta sake zuwa ta cire hatimin da hannunta. Wanda kuwa ya taɓa hatimi da kansa, lasinsa ya tafi ke nan har abada, kuma kotu na jiransa. Ta faɗi wannan da daɗi a bakinta, kamar albishir take yi mani.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Bari in rubuta, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Inna mahaifiyata ce. Ciwon daji ya fara mata a nono, yanzu ya shiga ƙashi. Likitoci sun gama nasu tun bara, abin da ya rage shi ne ta samu ta kwanta ta yi barci, ta iya haɗiye kunu. Ruwan mofin, maganin kashe zafin da asibiti ke bayarwa, yau akwai, gobe babu. Taramol kuwa da ta sha sai amai.

Cikin Disamba Abbas ya zo gida. Tare muka yi makarantar koyon aikin jinya, ni na dawo na buɗe kemis, shi ya tafi ƙasar Turawa yana aiki a gidan da ake kula da masu irin ciwon Inna. Ya zo gaishe ta, ya ga yadda take cizon gefen matashi. Da muka fito zaure ya ciro kwalbar daga aljihu, ba ta fi babban yatsa ba. Mai ne. Ya ce can a kantin magani ake sayar da shi, da takardar likita. Ga hatimin gwamnatinsu a jiki, ga ƙarfinsa a rubuce, ga yawan ɗigon da za a ba mutum gwargwadon nauyinsa. Na tambaye shi daga me aka tatso shi. Ya faɗa. Na ce Abbas ka haukace? Wannan ganyen da ake naɗawa a takarda a bakin ganuwa zan ba uwata? Ya ce ka gwada ɗigo uku, in bai yi ba ka zubar.

Ranar ta yi barcin awa shida. Da ta tashi ta ce tana marmarin ɗanwake.

Wata huɗu ke nan kullum ina ɗiga mata shi a cikin zuma a shago, in kawo a ƙaramar roba. Ita zuma ta sani. Yaya Baraka ma zuma ta sani, matata Ramla ma haka. Na ajiye shi a shago don kada wani a gida ya karanta jikin kwalbar. Ni mai wayo.

Laraba, da magariba

Zumar ta ƙare.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Mai makulli ya dawo. Injin ba tawada.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Na ba ta zuma zalla. Ta lasa, ta dube ni ta ce, "Wagga ba ita ba ce, Sammani." Na ce mai kawo mani ne ya canza. Ta ce, "To ka ce mashi ya maido ta da, wagga ba ta da albarka."

Inna ba ta kuka. Da ma tana yi da ya fi mani sauƙi. Sai dai ka ji salati yana fitowa a guntu-guntu, ta kama rabin kalma ta riƙe har zafin ya wuce, sannan ta ƙarasa. Yaya Baraka na yi mata fifita, ga zafin bazara, ga ba wuta. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa da hannu biyu ba abin da suka iya.

Na je asibiti. Mofin ya ƙare, a dawo mako mai zuwa. Mutumin da ke tagar bayar da magani ya san ni, ya ce wallahi ko na ɗigo babu, takardar odar tana can sama ba a sa hannu ba. Ko'ina ka je a ƙasar nan wani hannu ake jira.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na je na tsaya gaban shagona kamar baƙo. Ina jin ƙarar firjin ta cikin ƙofa, don solar da na sa tana nan tana aikinta. Taku huɗu ne tsakanina da shi. Na sha ƙirgawa. Mati mai faci ya kawo mani benci ya ce in zauna, na ce ba zama na zo yi ba. Ya ce to mi ka zo yi?

Takardar hatimin har ta fara ɗagowa a gefe saboda rana. Ni da kaina na danna ta da yatsa ta koma, don kada a ce ni ne.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Na biyo ta bakin ganuwa da gangan. Suna nan inda suke kullum, a ƙarƙashin dalbejiya, rana tsaka, hayaƙi na tashi kamar ana gasa masara. Ba lasin a bango, ba bangon ma. Ba wanda ya zo da jar takarda ya manna masu. Ni da nake da firji da ma'auni da littafin da nake rubuta kowace ƙwaya, ni ne barazana ga lafiyar jama'a.

Na tsayar da babur. Wallahi na tsayar. Na ce a raina in sayi ƙulli ɗaya, in je in dafa a man zaitun in tace. Wani dogo mai jan ido ya taso yana cewa, "Likita, yau kai ne a wajenmu?" Ya san ni, ni nake wanke mashi ciwon ƙafa.

Na ce mi kuke zubawa a ciki? Ya yi dariya ya ce ya danganta da wanda ya kawo. Wani a fesa mashi maganin ƙwari don ya ƙara ƙarfi, wani a jiƙa shi da abin da shi ma bai san sunansa ba. Ya ce na wannan satin ma ya kwantar da mutum biyu.

Na tada babur. Tsohuwa mai nauyin buhun gero rabi, in ba ta abin da ban san ƙarfinsa ba? Abin da ke cikin kwalbar an auna shi, an rubuta, wani ya sa hannu ya ce in ya cuce ka ni ne. Na bakin ganuwa kuwa ko mai sayarwa bai san abin da yake sayarwa ba. Amma a idon doka sunansu ɗaya, hukuncinsu ɗaya.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Kunu cokali biyu. Ta dawo da shi.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

A rediyo yau ana muhawara, wai ko ya dace a ba da izinin noma ganyen don yin magani. Wani mai babbar murya ya ce duk wanda ya kawo wannan magana maƙiyin matasa ne. Wani ya ce a'a, kuɗin shiga ƙasa za ta samu. Awa guda suna yi. Ɗaya na maganar 'yan daba, ɗaya na maganar dala. Ba wanda ya ambaci mai ciwo ko sau ɗaya.

Na ɗauki waya zan kira. Har ta shiga, aka ce wa ke magana daga ina? Na kashe. Me zan ce? Sammani mai kemis daga Ƙofar Sauri, ina da shi a firji?

Yaya Baraka na tsintar shinkafa ta ce, "Allah ya tsine wa wiwi da mai shanta da mai saida ta." Ramla ta ce amin. Ni ma na ce amin. Bakina ya yi ɗaci har yanzu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

An samu tawada. Mai sa hannu ya tafi hutun Ista, sai Talata.

Asabar, 19 ga Afrilu, da magariba

Asiri ya tonu, kuma ni na tona shi da wannan bakin nawa.

Na kira Abbas ina zaure, ina tambayarsa ko akwai mai zuwa gida da zai ba shi wata kwalbar. Ya ce ba mai yarda ya ɗauko, shi ma wancan karon kasada ya yi. Na hau shi da faɗa kamar shi ya rufe mani shago. Ina ɗaga murya na kira abin da sunansa. Ashe Yaya Baraka na bayan ƙyaure da butar alwala.

Ba ta jira na gama ba. "Mi na ji ka ce? Mi kake ba Inna?" Na ce Yaya ki saurara. Ta ce, "Wata huɗu! Matar da ta je Makka sau biyu, matar da ko goro ta bari don kada ya hana ta azumin nafila, ita ka mayar 'yar wiwi?" Na ce magani ne, da hatimi a jikinsa. Ta ce, "Hatimin wa? Na kahirai?" Na ce ke da kike yi mata fifita, kin ga yadda take kwana tun da ya ƙare? Ta ce gara ta mutu da zafinta da ta mutu da wannan a cikinta.

Na ce ai ba ƙashinki ba ne.

Ban taɓa gaya wa Yaya magana irin wannan ba. Ita ta goye ni. Ta ajiye butar a hankali ta shige ɗakin Inna. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Ban bi ta ba, tsoro ya hana ni.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na shiga gaishe ta. Na durƙusa na ce Inna ina kwana, ya jiki? Ta ce da sauƙi, fuskarta na bango. Na daɗe a durƙushe. Can ta ce, "Da ka tambaye ni." Shi ke nan abin da ta ce.

Gaskiyarta. Ina jin haushin Habibu, ina jin haushin mai tawada, ina jin haushin Yaya, amma wannan ba inda zan kai shi sai kaina.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Inna ce ta aika a kira ni. Jiya ko runtsawa ba ta yi ba, Ramla ta ce har zanen gado ta yaga da haƙori. Ta ce, "Tahi wurin Malam Sada ka hwaɗa mashi komi, kada ka rage. Abin da ya ce shi za ni bi."

Malam Sada limamin masallacinmu ne, kuma shi ya yi wa Baba sallah. Na same shi a zaurensa da littattafai kewaye da shi. Bayan mun gama gaisawa na zayyana mashi komai, kaina a ƙasa. Na zaci zai zage ni. Bai zage ni ba. Ya tambayi ko yana gusar mata da hankali, na ce a'a, har lazimi take yi a kansa. Ya tambayi ko akwai wani maganin halal da zai yi aikinsa, na ce akwai, amma babu shi a gari. Ya shafa gemu.

Ya ce malamai sun yi sauƙi ga marar lafiyar da ya rasa wata hanya, amma da sharaɗi. Sai likita masani, amintacce, ya tabbatar cewa wannan ne maganinta, ya kuma rubuta. Na ce Malam ai ni ma na yi karatun jinya. Ya ce, "Kai ɗanta ne, Sammani. Tausayi na iya rufe maka ido. Kawo mani hannun likita, ni kuma in je da kaina in gaya wa Hajiya ta sha."

Na fito da ɗan sanyi a raina. Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Mai sauƙi!

Dokta Nasiru shi ke duba Inna shekara biyu. Na jira har ya sallami kowa, na rufe ƙofa na gaya mashi. Ya cire tabarau ya ce ya karanta a kai, kuma bai yi mamakin ya yi mata aiki ba. Na ce alhamdu lillahi, to rubuta. Ya ce in rubuta me? Na ce abin da ka faɗa yanzu. Ya ce, "Malam Sammani, kai ma ka san ba ya cikin jerin magungunan da aka yarda da su. In na sa hannuna a kan wannan, gobe ni ma an karɓe tawa takardar. Ka kawo mani izinin hukuma, wallahi a gabanka zan rubuta."

Na ce layi biyu kawai, ba mai gani sai liman da tsohuwa. Ya ce takarda ba ta da amana. Ya rubuta mani mofin, wanda ya san babu.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Na koma ofishin. Yau Malam Habibu da fara'arsa, har ya sa aka kawo mani ruwa. An sa hannu, lasin ya fito, ya nuna mani shi sabo fil da sunana. Ya ce in yi haƙuri da abin da ya faru, aiki ne.

Na ce ranka ya daɗe, tambaya gare ni, wani ne ya aiko ni. In mutum na da marar lafiya da ke bukatar man da ake tatsa daga ganyen nan, wane ofis zai je ya nemi izini? Ya ƙyalƙyale da dariya har yana buga tebur. Ya ce babu wannan ofis. Na ce to wace takarda zai cika? Ya ce ba a buga ta ba. Na ce to ya zai yi? Ya ce ya yi addu'a.

Malam na jiran likita. Likita na jiran hukuma. Hukuma ta ce in yi addu'a, wato in koma wurin Malam. Kowannensu mutumin kirki ne, kowannensu ya yi mani magana mai daɗi, kuma uwata na can tana yaga zane da haƙori.

Na ce to yaushe za a cire hatimin? Ya duba kalanda. Tawaga ta fita zagayen ƙananan hukumomi, sai sha biyar ga Mayu. Ya ce kada in damu, ba wani bincike za a yi ba, su ɓalle, in sa hannu, in ci gaba da kasuwata. Ya ce, "Kwana ashirin da biyu ne kawai, kamar gobe ne."

Kamar gobe.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mofin bai zo ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da yamma

Ramla ta same ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta ga yadda nake kallon guduma tun jiya. Ta ce shagon nan shi ne cinmu, shi ne makarantar 'ya'yanmu, kuma shekarata arba'in da bakwai, wace sana'a zan koya yanzu? Ta ce ko na ɗauko ma Inna ba za ta sha ba tunda ba takardar likita, sai in yi asarar duka biyun. Ta ce in daure.

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Shi ya sa na ji kamar in fasa tulu.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Yau da muka zo juya ta ni da Yaya, ta yi ƙara. Inna ta yi ƙara, har maƙwabta suka leƙo. Da ta dawo hayyacinta sai ta hau ba mu haƙuri, wai ta tayar mana da hankali.

Yaya ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi tana kuka. Mako guda ke nan ba ta yi mani magana ba. Na zo wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Likitan ya ƙi ko?" Na ce ya ƙi. Ta ce, "Allah ya isa." Ban san ko da wa take ba, ban kuma tambaya ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Saura kwana goma sha takwas. Na dube ta da kyau yau. Ba ta da su.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yi.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kasuwa ta cika, don ba zan shiga shagona kamar ɓarawo ba. Na ce wa Mati ya ara mani zarton ƙarfe. Ya ce, "Sammani, ka san abin da kake yi kuwa?" Na ce tun ranar da aka haife ni ban taɓa sani kamar yau ba. Ya miƙo mani, ya koma ya juya baya yana duba tayar da ba ta da komai.

Kwaɗon gwamnati ko minti uku bai yi ba. Takardar kuwa da yatsa ɗaya na keta ta. Abin da ya tsare ni sati uku ke nan. Mutane sun taru, wani na ɗauka da waya, na ce ɗauki da kyau, ka tabbata fuskata ta fito. Na shiga, taku huɗu, na buɗe firji, na sa kwalin a aljihu. Ban taɓa komai ba. Na dubi kantocin da na jera da hannuna, na ja ƙofa na sa nawa kwaɗon.

Kafin in isa gida Habibu ya kira sau uku. Na huɗun na ɗauka. Ya ce ka san abin da ka jawo wa kanka? Na ce na sani. Ya ce lasin naka yana kan teburina, yanzu zan soke shi. Ya ce in zo ofis Laraba ƙarfe tara, in ban zo ba a zo a ɗauke ni. Ya ce me ke cikin shagon nan da ya fi shekara goma sha tara? Na ce sai Larabar.

Litinin, da magariba

A zaure na yagi takarda daga bayan littafin nan. Na yi irin rubutun likitoci, na ja layi, na murɗa sa hannu a ƙasa. Inna ba ta yi boko ba. Na ce a raina wannan ƙaryar ta ƙarshe ce.

Na shiga da zuma a cokali da takardar a hannu. Yaya na zaune a gefen gado, Ramla na bakin ƙofa. Na ce Inna ga shi, likita ya rubuta.

Ta karɓa da ƙyar. Ta riƙe ta a juye, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Sammani, shekara nawa kana rubuta mani yadda za ni sha magani a bayan kwali? Wanga hannunka ne."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce nawa ne.

"Likita ya ƙi?"

Na ce ya ƙi.

"Malam hwa?"

Na ce yana jiran likita.

Ta ce, "Shagon kuma an ce ka hwasa." Na ce na fasa. Ta rufe ido, zafin ya taso mata, muka jira ya wuce. Da ta buɗe ta ce, "Sau biyu ke nan kana yi mani ƙarya. Yanzu hwaɗa mani gaskiya. In an tambaye ni gobe kiyama, in ce wa ya ce in sha?"

Na ce ki ce Sammani ne.

"Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka, Inna, duka a wuyana.

Ta dubi Yaya. Yaya ta sunkuyar da kai, sannan ta miƙo hannu ta karɓi cokalin daga hannuna. Ta ce, "Rabi a nawa wuyan." Inna ta yi bismilla ta buɗe baki.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Har yanzu ba ta farka ba. Numfashinta a hankali, hannunta a sake. Yaya ta hana kowa daka a tsakar gida.

Na koya wa Yaya yadda ake ɗigawa. Uku da safe, uku da yamma, kada ta ƙara ko an roƙe ta. Ta sa na maimaita sau biyu, sannan ta ƙulle kwalbar a bakin zanenta. Abin da ke ciki zai kai wata guda. Ina ganin zai isa.

Ramla ta goge mani farar shadda ta gobe. Ta sa mani buroshi da carbi a aljihu.

Talata, bayan azahar

Ta tashi. Ta sha kunu rabin kofi, ta ce sukari bai ji ba.